Gafarar coci da aikin hukuma: nazarin wani lamari a Damagaram bayan tarzomar 2015

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar da aka fito yi a Damagaram kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta koma ƙone-ƙone. An cinna wa cibiyar al'adun Faransa wuta, an ƙone majami'u na Katolika da na sauran ɗariƙu, an faɗa gidaje da shagunan Kirista. Mutum 5 suka rasu a garin, ciki har da jami'in tsaro, da wani wanda sai daga baya aka ga gawarsa cikin majami'ar Katolika da ta ƙone. Washegari abin ya kai Yamai, can ma aka rasa mutum 5, 'yan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka sa wa wuta. Kiristocin Damagaram da dama a barikin soja suka fake, cikin sanyin hunturu, da kayan da ke jikinsu kawai. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, wanda ya halarci tattakin juyayin harin da aka kai wa jaridar a birnin Paris ranar 11 ga watan, ya yi wa ƙasa jawabi ya ce masu wannan aiki ba su fahimci komai daga Musulunci ba, aka kuma yi makokin kwana 3.

Wannan ɓangaren kowa ya san shi. Abin da zan shimfiɗa a nan ƙaramin al'amari ne da ya biyo baya a wata ƙaramar majami'a ta cikin unguwa, wanda ya nuna mini fiye da kowane jawabi inda Littafi Mai Tsarki yake tsayawa idan Kirista ya zo mu'amala da hukuma a gari irin namu. Ni Musulmi ne, maƙwabcinsu. Zaman sulhun da aka yi a zauren mai unguwa ina ciki, sauran kuma daga bakin waɗanda suka yi abin na ji. Ba zan kama sunan kowa ba.

Kirista a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba bisa ƙidayar 2012, amma a Damagaram ba jiya suka zo ba. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya sauka garin nan a 1924, kafin Nasara su ɗauke babban birnin mulki su kai Yamai a 1926, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa ya fito tun 1932. Majami'ar da nake magana a kai da Hausa take sujada. Cikinta akwai haifaffun gari, akwai ma'aikatan gwamnati da aiki ya kawo, akwai 'yan Najeriya da 'yan Binin da Togo masu sana'a waɗanda 'ya'yansu ba su san wani gida ba sai nan.

Ta fuskar doka, tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010, wanda ke aiki a lokacin, ya raba addini da hukuma tun a aya ta 3. Aya ta 8 ta ce babu addinin da zai mallake iko ko ya tsoma baki cikin harkokin hukuma, ta 9 ta hana kafa jam'iyya bisa addini, ta 30 ta ba kowa 'yancin addininsa da ibadarsa. Duk da haka ba a kori littattafan Allah daga fagen mulki ba: a ƙarƙashin wannan tsarin mulkin, shugaban ƙasa da littafi mai tsarki na addininsa yake rantsuwar kama aiki, Kirsimeti da Litinin ɗin Ista kuma ranakun hutu ne a ƙasa baki ɗaya. Ke nan Littafi Mai Tsarki yana da gurbi a teburin rantsuwa da cikin kalanda, amma alƙali ba ya yanke hukunci da shi.

Cikin kayan da aka kwashe kafin a sa wa majami'ar wuta akwai keken ɗinki na zumuntar mata. Da adashi suka saye shi, a kansa suke koya wa 'yan mata ɗinki, kuma rabin masu zuwa koyon 'ya'yan Musulmin unguwa ne. Makonni kaɗan bayan tarzomar, shugabar zumuntar ta kai gyaran riga wurin wani tela a bakin kasuwa, sai ga kekensu a gabansa yana ɗinki. Ba ta yi kokwanto ba, don ita da hannunta ta ɗaure tsagewar teburinsa da waya, harufan da suka rubuta da jan fenti a ƙafarsa kuma an kankare su amma ba su fita duka ba. Ba ta ce masa uffan a kai ba. Ta biya kuɗin gyaranta, ta wuce gidan fasto jikinta na rawa.

Da aka bi sawu a hankali, tela ya ce jika 35 na sefa ya saye shi hannun wani yaro ɗan kabu-kabu. Yaron ba baƙo ba ne. Gidansu na bayan majami'ar, mahaifinsa ya rasu, uwarsa ke tuyar ƙosai a bakin hanya, kuma matan zumuntar ne manyan masu sayenta ranar Lahadi.

A nan jama'ar cocin suka rabu, kuma abin da ya ja hankalina shi ne kowane ɓangare da Littafinsa a hannu. Fasto ya tsaya kan Huɗubar Kan Dutse a Matta sura 5, inda Yesu ya hana ramuwa ya kuma ce a ƙaunaci maƙiyi, da addu'ar da ya yi wa masu gicciye shi a Luka sura 23. Ya ce tun Lahadin farko da suka taru a tsakar gidansa sun furta a gaban Allah cewa sun yafe, don haka ba zai yiwu bakin da ya yafe ya je ya kai ƙara ba. Ba shi kaɗai ba ne a kan wannan, shugabannin coci a ƙasa baki ɗaya kiran yafiya da zaman lafiya suka yi a lokacin.

Matasa kuwa ransu a ɓace yake. Suka tuna masa cewa a watan Satumban 2012 ma an farfasa majami'ar Katolika ta garin nan saboda wani fim da aka yi a Amurka, aka ce a yi haƙuri, aka yi, ga abin da ya biyo baya cikin shekara biyu da 'yan watanni. Ɗaya daga cikinsu ya ce: "Fasto, mu ba mu zana komai ba, ba mu san inda gidan jaridar yake ba. Idan wani ya sake yin hauka a Turai gobe, mu ne za mu sake biya?"

Wanda ya sauya akalar maganar wani dattijo ne, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Ya bari suka gama, sannan ya ce da fasto da matasa duk sun haɗa abu biyu da Littafin ya raba. Ya buɗe Romawa ya karanta ƙarshen sura 12, inda aka hana mai bi ɗaukar fansa da kansa, ya ce kada kowa ya rufe littafinsa a nan, don abin da ke biye kai tsaye a sura 13 shi ne mai mulki ma'aikacin Allah ne, kuma ba a banza yake riƙe da takobi ba. Ya ce an karɓe ramuwa daga hannun wanda aka zalunta ne domin akwai wanda aka ɗora wa nauyin hukunci. Ya kawo Bulus a Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura 16, wanda aka yi wa bulala aka kulle ba tare da shari'a ba, da mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye ya ce sam, su zo da ƙafarsu su fitar da shi. Ya kawo ƙarar da Bulus ya ɗaukaka zuwa gaban Kaisar a sura 25. Ya kawo Yesu kansa a Yahaya sura 18, da aka mare shi a gaban babban firist ya tambayi dalilin marin.

"Fasto, ɗana," in ji shi, "yafiyar da muka yi tana nan, ban janye tawa ba. Amma abin da muka yafe namu ne. Ba mu da ikon yafe wa hukuma aikinta."

Baba ya san abin da yake faɗi ta fuskar aiki ma. A tsarin shari'ar Nijar, mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke bin laifi irin su sata da ƙone gini da kisa, da sunan al'umma. Wanda aka yi wa ɓarna yana iya shiga shari'ar neman diyya, yana iya cewa ya haƙura da diyyar, amma haƙurinsa ba ya kashe laifin. Sayen kayan da mutum ya san na sata ne shi ma laifi ne mai zaman kansa. Sarakunan gargajiya kuwa, tun daga Sarkin Damagaram har zuwa masu unguwa, doka ta ba su ikon sasanta jama'a a rigingimun al'ada da na bashi da ciniki, ba ta ba su shari'ar manyan laifuka ba.

Matan zumunta, waɗanda keken nasu ne, sai a ƙarshe aka tambaye su. Shugabarsu ta ce suna son kekensu, ba sa son a ɗaure yaron. Ta faɗi dalili biyu ba tare da ɓoye ko ɗaya ba. Na farko uwarsa, wadda babur ɗin nan da kaskon ƙosai ke riƙe da gidanta. Na biyu tsoro: idan jandarma suka zo suka ɗauki ɗan unguwa aka ce Kirista suka nuna shi, maza suna wurin aiki, su da yara ke wuni a gida. Wannan dalili na biyu babu shi a wata aya, amma shi ya fi kowanne nauyi a zaman, kuma duk wanda zai yi maganar "yafiyar Kirista" a wancan lokaci ya kamata ya tuna cewa tsiraru ne da aka ƙone musu ɗakin ibada ba a daɗe ba. Yafiyar da mutum ya yi yana da zaɓi daban take da wadda ya yi ba shi da shi, ko da kuwa duk biyun daga zuciya suka fito.

Matsayar da suka cimma kashi biyu ce. Maganar keke a kai ta zauren mai unguwa. Maganar ƙone majami'a a rubuta ta a kai wa hukuma.

A zaure, mai unguwa ya kira tela da yaron da uwarsa da limamin masallacin unguwa. Yaron ya fara da cewa a hanya ya tsinci keken. Uwarsa ce ta katse shi, ta ce: "Ranka ya daɗe, ƙarya yake. Da idona na ga ya shigo da shi, na yi shiru, kuma tun ranar ban iya haɗa ido da matan nan ba." Liman bai yi doguwar huɗuba ba. Ya tunatar da aya ta 40 cikin Suratul Hajji, inda aka ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah yake karewa daga rushewa, ya ce kuma babu rai da ke ɗaukar laifin wani, balle maƙwabci ya ɗauki na mutanen Paris. Ya dubi yaron ya ce abin da ya ɗauka haram ne a kansa har sai ya mayar. Fasto ya ce: "Allah gafarta Malam, mu ma haka yake a wurinmu," ya ba da labarin Zakka mai karɓar haraji a Luka sura 19, wanda tubansa ya fara da mayar da abin da ya ƙwace. Aka yanke cewa tela ya mayar da keken a ranar, yaron ya riƙa biyansa kuɗinsa kaɗan-kaɗan duk mako ta hannun mai unguwa. Tela ya yi gunaguni, mai unguwa ya tambaye shi ko bai ga jan fentin ba ranar da ya saya, ya yi shiru.

Takardar ce ta fi cin lokaci, kuma a kanta aka yi gardamar da ta fi shafar batunmu. Fasto ya rubuta daftarin farko da Faransanci, ya buɗe shi da Romawa 13, ya rufe da Mika 6:8, ayar yin adalci da son jinƙai. Baba ya karanta ya soke ayoyin duka. Fasto ya ji zafi, ya tambaye shi ko kunyar Maganar Allah yake ji a gaban mahukunta. Baba ya ce a'a, amma wanda zai karanta takardar bai rantse da wannan littafin ba, ya rantse ne zai kare tsarin mulki, don haka da abin da ya ɗaure shi za a kama shi. Idan suka nemi kariya da ayar Linjila, sun roƙi alfarma a matsayin Kirista, idan suka nema da aya ta 8 da ta 30 na tsarin mulki, sun nemi haƙƙi a matsayin 'yan ƙasa. Ya ƙara da cewa su da ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, su ne na ƙarshe da ya kamata su buɗe ƙofar cewa kowa ya zo ofishin gwamnati da nassinsa a matsayin hujja.

Takardar da aka sa wa hannu ta jera abin da aka ƙona da abin da aka kwashe, ta nemi a binciki waɗanda suka shirya abin da waɗanda suka kawo fetur, ta nemi tsaro a ranakun ibada da izinin sake gini. Ayar Littafi Mai Tsarki ko ɗaya babu a ciki. Layi guda kawai fasto ya dage a bari, inda suka ce suna yi wa shugabanni addu'a kowace Lahadi kuma suna neman zaman lafiyar garin, Baba bai yi musu ba. Wanda ya san Littafin zai gane 1 Timoti sura 2 da Irmiya 29:7 a bayan wannan layin, wasiƙar da annabi ya aika wa bayin da aka kwashe zuwa Babila cewa su nemi alherin birnin da suke ciki. Wanda bai sani ba zai karanta shi a matsayin ladabin 'yan ƙasa.

A ganina Baba ya yi daidai, kuma ba don ayoyin ba su da amfani ba. Su ne suka yi aikin gaba ɗaya. Su suka hana matasan nan ɗaukar sanda su nufi gidan mai ƙosai, kuma ina da tabbacin da an yi haka da unguwar ba ta kwana lafiya ba. Su ne kuma suka hana jama'ar cocin naɗe hannu su ce komai sai a Lahira. Nassi ya tsara abin da za su nema da halin da za su nema da shi, aka bar wa doka ta zama harshen da za a yi maganar da ita a ofis. Haka na ga ma'aikatan asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, da na cibiyar kutare ta Danja suke shiga rayuwar jama'a: bangaskiyarsu ta kai su wurin, amma marar lafiya magani yake samu ba tare da an tambaye shi addininsa ba.

Inda ban gamsu ba shi ne abin da aka bari a zauren mai unguwa. Yaron nan yana wurin lokacin da aka sa wutar. Shi ɗan kabu-kabu ne, ya san fadojin matasan unguwa ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ya zo da jarkar fetur. Baba ya so a sa sharaɗin cewa zai je ya ba da shaida. Fasto ya ƙi, mai unguwa ya ce kada a tono abin da aka binne, mu ma da ke zaune muka gyaɗa kai don kowa ya gaji. Keken na matan zumunta ne, suna da ikon yafe shi ko karɓarsa. Amma a ranar rayuka 5 suka salwanta a garin, kuma babu wanda ke cikin zauren da iyalansu suka wakilta ya yi shiru a madadinsu. Zauren ya taɓa abin da doka ba ta ba shi ba, ba ta hanyar yanke hukunci ba, ta hanyar rufe bakin mai shaida.

Akwai kuma abin da ya shafe mu Musulmi masu rinjaye. Mun yi ta yabon haƙurin maƙwabtanmu, kuma sun cancanci yabon. Amma yabon ya yi mana sauƙi ƙwarai. "Ai sun yafe" ta zama maganar da ake rufe zance da ita a duk majalisar da aka ɗauko batun, tun kafin a kai ga tambayar yadda aka yi yara masu shekara 15 suka san ƙofar kowane gidan Kirista a unguwa. Gaskiya ne akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu a ranar, wasu suka tsaya a bakin ƙofa suka hana shiga, kuma iyalin faston nan ma ta haka suka tsira. Gaskiya ne kuma fushin matasan Damagaram ya girmi zanen, akwai rashin aiki, akwai ƙishin ruwa da garin ya daɗe yana fama da shi, akwai jin an mayar da yankin saniyar ware. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke sauke nauyin binciken daga wuyan hukuma. Al'ummar da ta bar koyarwar addinin wanda aka zalunta ta maye gurbin kotu ta ci moriyar Linjila ta hanyar da Linjilar kanta ba ta yarda da ita ba.

Abin da ya biyo baya a ƙasa ya nuna tsugune ba ta ƙare ba. A watan Yunin 2019 majalisa ta amince da dokar da ta tsara harkokin ibada, kuma a cikin watan ne aka ƙone wata majami'a a Maraɗi bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar. Tsarin mulkin 2010 da Baba ya kafa hujja da shi an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a watan Maris na 2025 kuma aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa. Duk wanda zai rubuta irin takardar yau dole ya nemo ayoyin dokar da zai kafa hujja da su a sabon kundin.

Majami'ar ta sake gini da gudummawar 'yan'uwansu na ciki da wajen ƙasa, katangarta ta fi ta da tsawo, an sa mata ƙofar ƙarfe. Ajin ɗinki ya dawo, 'yan matan Musulmi sun ragu a farko, daga baya suka fara komowa. Yaron ya biya tela fiye da rabin kuɗinsa, sannan ya sayar da babur ya tafi Agadas neman aiki, uwarsa ta ƙarasa biyan sauran. Fasto da Baba suna sujada tare kamar da, amma kan maganar shaidar nan kowa yana kan bakansa. Fasto na cewa da an matsa wa yaron da ba a samu ko keken ba, Baba na cewa wanda ya kawo fetur yana nan cikin gari kuma ya ga abin da ya yi bai jawo masa komai ba.